HARSHEN AJI DA HARSHEN MUMBARI: TSOKACI A KAN TSARA KWASA-KWASAI A MAKARANTUN TAUHIDI NA KIRISTA A AREWACIN NIJERIYA

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa shiga majami'a ran Lahadi da safe a ƙauyukan Filato, ko kudancin Kaduna, ko Bauci, ko Gombe, ko Adamawa, ya san harshen da aka fi yin sujada da shi. Da Hausa ake buɗe addu'a, da ita ake karanta Littafi Mai Tsarki, da ita zumuntar mata ke rera waƙa, da ita kuma fasto ke wa'azi, ko da kuwa mafi yawan waɗanda ke zaune suna da nasu harshen na gida. To, amma idan aka bi sawun faston nan aka koma babbar makarantar da ta yaye shi, sau da yawa sai a tarar da Turanci aka karantar da shi, da Turanci ya rubuta jarrabawa, da Turanci kuma aka ba shi takardar shaida. Watau an horar da shi da wani harshe, an tura shi aiki da wani.

A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin duba wannan al'amari ta fuskar ilmin tsara manhaja. Abin da muke son nunawa guda ɗaya ne. Masana harkar koyarwa sun ce a fara tsara kowane kwas da tambayar abin da ɗalibi zai iya yi bayan ya gama. Idan har aka bi wannan ƙa'ida da gaske a makarantun da ke yaye fastoci domin Arewa, to ba makawa sai harshen da za su yi aiki da shi ya fito ƙarara a cikin abin da aka rubuta ana sa ran su iya, a koyar da shi, a kuma auna shi. Wannan kuwa batu ne da ya shafi ɗalibin Hausa, Musulmi ne ko Kirista, domin wa'azi da fassara da rubutun addini wani babban fage ne da harshen ke aiki a cikinsa kullum.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Kalmar "seminari" daga Latin ta samo asali, ma'anarta kuwa wurin rainon iri, irin ɗan filin da mai lambu ke yafa albasa ko tumatir kafin ya cire ya dasa. Ikkilisiyar Katolika ce ta ɗora kalmar a kan makarantar horar da limamai, bayan da babban taronta na Tirento, a ƙasar Italiya ta yau, ya yi umurni a shekarar 1563 cewa kowane bishop ya kafa irin wannan makaranta a yankinsa. Daga baya sauran ɗarikun Kirista suka ari sunan. A bakin Kirista masu magana da Hausa an fi cewa "makarantar tauhidi" ga babba, da "makarantar Littafi Mai Tsarki" ga ƙarama. Ya kamata mai karatu ya lura cewa a nan an faɗaɗa ma'anar "tauhidi". A wurin Musulmi tana nufin kaɗaita Allah da fannin da ke bayanin haka. A wurin Kirista kuwa ta zama sunan nazarin al'amuran Allah da addini baki ɗaya.

"Manhaja" ita ce dukkan abin da makaranta ta shirya ɗalibi ya bi daga shigarsa zuwa fitarsa. "Kwas" yanki ne guda na manhaja, wanda akan gama a zango ɗaya. Sai kuma kalmomi biyu da akan cuɗanya su, watau "manufa" da "sakamakon koyo". Manufa tana faɗin abin da malami ya yi niyyar yi. Sakamakon koyo kuwa yana faɗin abin da ɗalibi zai iya nunawa a ƙarshe. Alal misali, idan malami ya rubuta, "Zan gabatar wa ɗalibai wasiƙun Manzo Bulus," manufa ya rubuta, kuma yana iya cika ta ko da ajin duka barci suke yi. Amma idan ya rubuta, "A ƙarshen zango ɗalibi zai iya bayyana jigon wasiƙa zuwa ga Galatiyawa, ya kuma nuna yadda kowane babi ya gina jigon," to ya ɗaure kansa da alkawarin da ba zai cika ba sai ɗalibin ya koya.

3.0 WAIWAYE

Ba da Turanci aka fara horar da ma'aikatan Ikkilisiya a Arewa ba. 'Yan mishan na SIM sun iso a 1893, na SUM a 1904, Dokta Walter Miller na CMS kuma ya zauna Zariya a 1905. Da suka ga yawan harsunan da ke yankin, da kuma yadda Hausa ta riga ta zama harshen kasuwa da fatauci, sai mafi yawansu suka riƙe ta a matsayin harshen aiki. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A cikin waɗannan shekaru na 1930 ne SIM ta kafa makarantarta ta Kagoro, SUM kuma ta buɗe ta Gindiri a 1934, duka biyun da Hausa suke koyarwa. Fastoci uku na farko da reshen Ingila na SUM ya naɗa a 1938, watau Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, a Gindiri aka horar da su. Ko sunayen ƙungiyoyin da aka kafa daga baya shaida ne: Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, duk da Hausa aka raɗa musu suna.

Waɗannan makarantu na farko ba su da zurfin karatu sosai, amma suna da wata fa'ida guda: harshen aji shi ne harshen mumbari. Abin da ɗalibi ya ji a bakin malami ran Juma'a, da kalmomin nan zai faɗa wa jama'a ran Lahadi.

Da mulkin kai ya matso, ilmin boko ya yaɗu, sai Ikkilisiyoyi suka ga suna bukatar shugabanni masu ilmi daidai da na ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da ke zaune a gabansu. Wannan ya jawo kafa manyan makarantu masu koyarwa da Turanci. Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, wadda ke Bukuru, ta soma karatu a 1959, Dokta Harry Boer ne shugabanta na farko. Katolika sun buɗe babbar seminari ta Waliyyi Augustine, wadda ke Jos, a 1967, ECWA kuma ta buɗe tata seminarin ta Jos a 1980. Bugu da ƙari, a 1976 aka kafa hukumar ACTEA domin tantance makarantun tauhidi na Afirka, bisa shawarar da Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi, ya ɗauko kafin rasuwarsa a Mombasa a watan Disamba na 1975. Babu shakka wannan ci gaba ne. Sai dai tare da shi an gaji wani tsari na ƙasashen Turai, wanda ya kafu a jami'o'in Jamus tun ƙarni na 19, inda akan kasa karatu gida huɗu: nazarin Littafi Mai Tsarki, da tarihin Ikkilisiya, da tsararren tauhidi, da aikin fasto a aikace. Kowane gida da malamansa da jarrabawarsa. Haɗa su wuri guda, da juya su zuwa harshen jama'a, sai aka bar wa ɗalibi ya yi da kansa bayan ya fita. Ko a Amurka ma wannan rarrabuwa ta sha suka, musamman daga Edward Farley a littafinsa na 1983.

4.0 ABIN DA MASANA SUKA CE GAME DA TSARA KWAS

A 1949 wani malamin Jami'ar Chicago, Ralph Tyler, ya ce duk mai tsara manhaja sai ya amsa tambayoyi huɗu. Me makaranta ke son cimma? Waɗanne ayyukan koyo ne za su kai ga haka? Yaya za a jera su? Yaya za a gane an cimma? A 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka kasa aikin ƙwaƙwalwa hawa shida, daga tuna abu, zuwa fahimtarsa, da aiki da shi, da ƙwanƙwance shi, da haɗa sassa a gina sabo, har zuwa auna darajarsa. An yi wa wannan tsani kwaskwarima a 2001, aka ɗora ƙirƙira a can sama. Amfaninsa ga malami shi ne ya gane ko jarrabawarsa ta tsaya ne a hawan farko, watau hadda da amayarwa.

Robert Mager, a 1962, ya ƙara da cewa kowace jimlar sakamako ta ƙunshi abu uku: aikin da ɗalibi zai yi, da halin da zai yi shi a ciki, da mizanin da za a ce ya yi daidai. Ya kuma ja kunne game da aikatau irin su "sani" da "fahimta", domin ba a ganinsu da ido. Gara a yi amfani da irin su "bayyana", "kwatanta", "fassara", "rubuta". A 1996 John Biggs ya nuna cewa dole sakamako da koyarwa da jarrabawa su fuskanci alƙibla ɗaya, domin ɗalibi abin da za a jarraba shi a kai yake koyo, ba abin da aka rubuta a takardar kwas ba. Sa'an nan a 1998 Grant Wiggins da Jay McTighe suka yayata tsarin farawa daga ƙarshe: a fara tsayar da sakamako, a bi da shaidar da za ta tabbatar da shi, daga baya a zaɓi darussa da littattafai.

Makarantun tauhidi ba su zauna a gefe ba. A 1983 majalisar duniya ta hukumomin tantance makarantun tauhidi na ɗarikun bishara ta fitar da wata sanarwa mai sharuɗɗa goma sha biyu ta sabunta ilmin tauhidi, na farko a cikinsu kuwa shi ne karatu ya dace da muhallin da za a yi aiki a cikinsa. A ɓangaren Katolika, babban taron Batikan na Biyu ya buɗe ƙofar yin sujada da harsunan jama'a a 1963, a 1965 kuma ya bar wa bishop-bishop na kowace ƙasa su tsara horon limamai daidai da bukatun wurinsu. Ashe ke nan babu wata ƙa'ida, ta boko ko ta Ikkilisiya, da ta hana abin da muke kira gare shi. Akasin haka ma, su ne suka wajabta shi.

5.0 INDA GIZO KE SAƘA

Daga cikin sharuɗɗan Mager guda uku, na biyu ne aka fi mantawa, watau halin da ɗalibi zai yi aikin a ciki. A ɗauka an rubuta cewa ɗalibi zai iya bayyana koyarwar ceto ta wurin alheri. To, ga wa zai bayyana? Da wane harshe? Idan amsar ita ce ga malaminsa, a takarda, da Turanci, cikin sa'o'i uku, to an auna wani abu dabam da wanda aikin ke bukata. Aikin kuwa shi ne ya bayyana wa tsohuwar da ba ta shiga aji ba, a gindin bishiya, da Hausa, tana yi masa tambaya.

Wani zai ce ai duk mai jin harsunan biyu zai iya juyawa. Ɗalibin fassara ya san ba haka abin yake ba. Bari mu ɗauki kalmomi uku.

Ta farko ita ce "alheri". A Hausar yau da kullum alheri kyauta ce ko kyautatawa, kuma sau da yawa ana sa ran a rama ta, shi ya sa akan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A tauhidin Kirista kuwa ana nufin baiwar Allah wadda mutum bai cancanta ba, kuma ba shi da abin biya. Faston da bai taɓa zama ya auna wannan tazara ba zai yi wa'azin abu ɗaya, jama'a su tashi da wani.

Ta biyu ita ce "almajiri". Da ita aka fassara sunan mabiyan Yesu goma sha biyu da sauran masu koyo a wurinsa, fassarar kuwa ta dace da asalin kalmar, watau mai neman ilmi a gaban malami. Amma yaron da ya tashi a birni a yau, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne yaro mai bara da ƙoƙo. Sai mai wa'azi ya san wannan zamiya ta ma'ana kafin ya iya gyara ta.

Ta uku ita ce "bangaskiya", wadda aka gina daga "ba da gaskiya". Kirista sun riƙe ta a inda Musulmi ke cewa "imani". Haka kuma akwai tarin kalmomi da al'ummomin biyu suka yi tarayya a kansu, kamar tuba, da zunubi, da annabi, da Ruhu, da Almasihu, da Linjila, da Zabura, amma abin da kowane ɓangare ke fahimta bai zama ɗaya ba a kowane wuri. Faston da ke zaune da maƙwabta Musulmi yana bukatar sanin inda ma'anoni suka haɗu da inda suka rabu, don kada ya ɓata wa wani rai ba da niyya ba, kada kuma ya zaci an fahimce shi alhali ba a fahimta ba.

Akwai kuma matsalar furuci da rubutu. Da yawa daga cikin ɗaliban nan Hausa harshe na biyu ce gare su, a kasuwa da majami'a suka tsince ta, ba a aji ba. Wanda bai bambanta "ƙarya" da "karya", ko "baƙi" da "baki", ko "ɗa" da "da" ba, yana iya juya ma'anar aya a gaban ɗaruruwan mutane. Wannan ba laifinsa ba ne, tun da ba wanda ya koya masa. Laifin tsarin da bai rubuta wannan a cikin abin da ake sa ran ya iya ba ne.

A nan akwai darasi a makarantun zaure na ƙasar Hausa. Malami yakan karanta nassin Larabci gaɓa-gaɓa yana fassarawa da Hausa, ɗalibi kuma ya maimaita. Kafin ya sauke littafi ya mallaki nassin da kuma Hausar bayyana shi. Ta wannan hanya ce harshen ya tara kalmomin addini masu yawa, waɗanda masu fassara Littafi Mai Tsarki suka tarar suka ɗiba. Ba muna cewa a kwafi tsarin zaure dungurungum ba ne. Abin lura shi ne, a can ba a raba koyon ilmi da koyon faɗinsa ba.

6.0 MISALIN TSARIN KWAS

Don kada magana ta tsaya a fatar baki, ga misalin da muka tsara bisa ƙa'idar farawa daga ƙarshe. Shawara ce kawai, malamanmu na iya gyarawa. Sunan kwas ɗin "Wa'azi da Koyarwa Cikin Hausa", na 'yan aji uku, makonni 12, sa'o'i 3 a mako.

6.1 Sakamakon Koyo

A ƙarshen zango ɗalibi zai iya:

(a) karanta babi guda na Littafi Mai Tsarki na Hausa a bayyane, wanda ba a sanar da shi tun da wuri ba, ba tare da kuskuren furucin da zai sauya ma'ana ba;

(b) bayyana kalmomin tauhidi 20 da Hausa mai sauƙi ga wanda bai yi boko ba, ba tare da jefa Turanci ba, yana kawo misali daga rayuwar mai sauraro;

(c) kwatanta sashe guda a fassarar 1932 da ta 1979, ya nuna inda suka saɓa, ya kawo dalilin da yake ganin ya jawo saɓanin;

(d) shirya wa'azi na minti 20 da Hausa, ya gabatar da shi a gaban jama'ar wata majami'a, yadda masu sauraro za su iya maimaita jigonsa bayan an tashi;

(e) rubuta wasiƙa da rahoton taron dattawan Ikkilisiya bisa daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa.

Mai karatu zai ga cewa waɗannan sun hau tsanin Bloom daga ƙasa zuwa sama: (a) da (e) aiki da ƙa'ida ne, (b) fahimta ce, (c) ƙwanƙwancewa da aunawa, (d) kuwa ƙirƙira.

6.2 Aunawa

Maki 100 za a raba kamar haka: karatu a bayyane 15, bayanin kalmomi da baki 20, takardar kwatanta fassara 15, wa'azi 35, wasiƙa da rahoto 15. Fiye da rabin makin ke nan da baki za a ci shi, domin aikin fasto da baki ne ya fi yawa. Wajen auna wa'azi, malami zai ba da nasa makin a kan riƙo da nassi da tsarin magana, sa'an nan a tambayi mutum uku daga cikin jama'a, dattijo da mace da matashi, abin da suka ji. Idan amsoshinsu sun yi hannun riga da abin da mai wa'azi ya rubuta a matsayin jigonsa, to da sauran aiki. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

6.3 Jadawalin Darussa

Sai bayan an tsayar da waɗannan biyu ne za a zo ga darussa. Mako na 1 da na 2: baƙaƙe masu ƙugiya, tsawon wasali, karin sauti, da gwajin karatu. Mako na 3 zuwa na 5: kalmomin tauhidi, asalinsu, da yadda Bahaushe ke amfani da su a wajen majami'a. Mako na 6 da na 7: tarihin fassarar Littafi Mai Tsarki da kwatanta fassarori, a nan ne ɗalibi zai ga, alal misali, yadda "Kristi" na tsohuwar fassara ya koma "Almasihu" a ta 1979, alhali sunayen Ikkilisiyoyi sun ci gaba da riƙe na farkon. Mako na 8 zuwa na 10: ginin wa'azi, amfani da karin magana da labari da tambaya, tare da fita sauraron tsofaffin masu bishara da suka ƙware. Mako na 11: rubutun wasiƙa da rahoto. Mako na 12: gabatar da wa'azi a majami'un da ke kewaye.

Sai dai kwas guda ba zai wadatar ba. Abin da ya fi shi ne kowane malami, ko na Helenanci ne ko na tarihin Ikkilisiya, ya sa sakamako guda a kwas ɗinsa da ke neman ɗalibi ya juya abin da ya koya zuwa harshen jama'a. Ta haka gidajen nan huɗu da muka ambata za su haɗu a bakin ɗalibi tun yana makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7.0 ƘORAFE-ƘORAFE DA AMSOSHINSU

Ƙorafi na farko shi ne cewa littattafan tauhidi da Turanci suke, kuma makarantar da ke neman amincewar jami'a ko hukumar tantancewa ba ta iya barin Turanci. Wannan gaskiya ne, mu ma ba mu ce a bar shi ba. Fasto na bukatar Turanci don karatu mai zurfi, da kuma majami'un birni inda matasa da yawa suka fi sakewa da shi. Abin da muke nema ƙari ne, ba musanya ba. Ko sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Makarantun tauhidi da ke ƙarƙashin inuwar jami'o'i suna da hujjar neman gurbi a nan.

Na biyu ya fi nauyi. Mutumin Berom, ko Ngas, ko Tarok, ko Bajju, ko Bura, ko Tangale, yana iya cewa Hausa ta riga ta danne harshensa a majami'a, yanzu kuma ana so a ƙara mata ƙarfi. Wannan kuka yana da tushe, bai kamata ɗalibin Hausa ya yi kunnen uwar shegu da shi ba. Amsarmu ita ce, ƙa'idar ba ta Hausa ce kaɗai ba. Ƙa'idar ita ce a horar da mutum da harshen da jama'arsa ke ji. Inda harshen gida ne ke raye a majami'a, a sa shi a gurbin Hausa a duk sakamakon da muka jera. Amma tun da Ikkilisiya kan tura fasto aiki wajen ƙabilarsa, kuma akwai Hausawa Kirista a ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau da Maraɗi waɗanda ba su da wani harshe sai ita, Hausa za ta ci gaba da zama wajibi ga mafi yawan ɗalibai.

Na uku shi ne cewa mafi muhimmancin abin da ake nema ga malamin addini, watau hali da tsoron Allah, ba ya shiga ma'aunin maki. Wannan ma gaskiya ne. Wasiƙar da Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1992 game da horon limamai ta kasa horon gida huɗu: na mutuntaka, da na ruhaniya, da na ilmi, da na kiwon jama'a, ta kuma ɗauki na mutuntaka a matsayin harsashin sauran. Ba wanda zai ba tawali'u maki 70. Haɗarin tsarin sakamakon koyo shi ne malamai su riƙa koyar da abin da ke aunuwa kaɗai su saki sauran. Maganin wannan shi ne a rubuta irin halin da ake fata, a bi shi ta hanyar zama tare da lura da shaidar waɗanda ɗalibi ya yi aikin gwaji a wurinsu, ba ta jarrabawa ba. Amma wahalar auna hali ba hujja ba ce ta ƙin auna abin da ke aunuwa. Iya karanta aya daidai da iya bayyana ta abubuwa ne da kunne ke ji.

8.0 KAMMALAWA

A taƙaice, mun ga cewa makarantun farko na Kagoro da Gindiri sun haɗa harshen aji da na mumbari, manyan makarantun da suka biyo baya kuma sun sami zurfin ilmi amma tazara ta shiga tsakanin harsunan biyu. Mun ga kuma cewa ƙa'idojin tsara kwas, daga Tyler zuwa Wiggins da McTighe, idan aka bi su har ƙarshe, su da kansu suke neman a rufe wannan tazara, domin sakamakon koyo ba ya cika sai an faɗi ga wa za a yi aikin da kuma da wane harshe.

Akwai rabon sashen Hausa a cikin wannan aiki. Kamar yadda masananmu suka zauna suka tsara kalmomin nazarin harshe da adabi, aka buga su a 1990 ƙarƙashin editancin Farfesa Dalhatu Muhammad, haka ake bukatar ƙamus na kalmomin tauhidin Kirista da Hausa, da ƙaramin littafin ƙa'idar rubutu domin masu wa'azi, da nazarin salon wa'azin majami'a irin wanda aka daɗe ana yi wa waƙoƙin wa'azi na Musulunci. Waɗannan duk batutuwa ne da ɗalibi zai iya ɗauka don kundin digirinsa na farko. Mai lambu ba ya rainon iri sai ya san ƙasar da zai dasa shi. Haka ya kamata mai tsara kwas ya san mumbarin da ɗalibinsa zai hau. Muna fata malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai za su gyara inda muka yi kuskure, su kuma ɗora daga inda muka tsaya.